Inna Lydia, Mai Duba Kakin Masunta

Ƙarfe bakwai na safe Lydia Ɗangana take buɗe ɗakin gwaji na wani ƙaramin asibiti a Yelwa. Ta goge tebur, ta kunna fitilar madubin duba ƙwayoyin cuta idan an kawo wuta, idan ba a kawo ba ta ja shi bakin taga. Sai ta jera robobin da mutane suka tofa kaki a ciki, ta shiga abin da ta shekara talatin da uku tana yi, wato neman ƙwayar tarin fuka. Aiki ne da makaɗa ba su taɓa yi wa waƙa ba. A watan nan ta yi ritaya, abokan aiki suka ba ta agogon bango, ita da ba ta taɓa makara ba.

Mutuniyar kan tudun Ngaski ce, tsoron ruwa take yi kamar akuya. Duk da haka masunta Inna suke ce mata, kuma akwai dalili.

Bara ta gano ciwon a kakin wani masunci, Tanimu. Aka ɗora shi a kan maganin wata shida. Da ya yi wata biyu tari ya tsaya, kifi kuma ya yi nisa, sai ya kwashi komarsa ta kamun kifi ya koma wata tunga a hayin Warra. Aikin Lydia duba kaki ne, bin mutane ba ya cikin takardarta. Amma ran kasuwar Warra sai ga ta cikin kwale-kwale. Waɗanda suka haye tare da ita sun ce ta riƙe gefensa da hannu biyu tana waƙar coci har aka isa.

Asama'u matar Tanimu ce ta ba ni sauran labarin.

"Inna! Ke da ruwa? Mi ya faru?" in ji Tanimu.

"Kai ka faru. Ina maganinka?"

"Ai na warke, Inna. Sauran na ba Yaya Dudu, hayaƙin banda ya sa mai tari."

"Madalla. Kai mai ciwon ka bari, shi da ba ya da shi yana sha. Kun yi rabon adalci." Ta zauna a kan turmi. "Tanimu, in fadama ta ƙafe, gaiwa mutuwa take yi?"

"Haba Inna, wanga ko yaro ya sani. Laka take shiga ta kwanta sai ruwa ya dawo."

"In ka jefa birgi, ragar nan taka ta kifi, a wurin fa?"

"Wa ka jefa birgi bisa busasshiyar ƙasa?"

"To akwai gaiwa a ƙirjinka. Masu yawo magani ya kama, masu kwance suna jiran ka daina sha."

Abin da ta taƙaita masa shi ne abin da mu aka yi mana lacca a kai a jami'a muka fito ba mu gane ba. Ƙwayar cuta tana ɗauke da guba da makarinta a cikin gadon halittarta, tana ƙera su tare. Makarin saurin lalacewa gare shi, gubar kuwa ta fi daɗewa. Muddin ƙwayar tana cikin wadata, tana ta sabunta makari, gubar ba ta da ta cewa. Idan wuya ta zo, ko yunwa ko magani, makari ya ƙare, sai gubar ta taka mata burki, ta daina ci, ta daina hayayyafa. Magani kuwa ya fi samun mai motsi. Ƙwayar tarin fuka tana da irin wannan guba da makari da yawan gaske.

Gaskiya masana har yau gardama suke yi a kan amfanin wannan tsari. Wasu sun ce na kwanciya ne lokacin wahala. Wasu sun ce garkuwa ce daga wasu ƙananan halittu masu kai wa ƙwayar kanta hari, don in ɗaya ta kamu sai ta kashe kanta ta ceci danginta. Wasu ma sun ce ɗan haya ne kawai da ya ƙi tashi. Lydia tana karanta gardamarsu a wayarta, kuma ba ta taɓa cewa an gama ba. Ba ta dai jira su sasanta kafin ta shiga kwale-kwale ba.

Inna Lydia, ke ce wadda ba ta raina tofin talaka ba. Ke ce kika koma da kakin Tanimu Yelwa, kika sa aka sake tsara masa magani, kika naɗa Asama'u mai gadi, ba ya taɓa filafilin tuƙa kwale-kwale da safe sai ya haɗiye maganin a gabanta. Ya yi ƙorafi cewa an mai da shi jariri a gidansa. Ba wanda ya saurare shi.

Kakinsa na ƙarshe yana cikin waɗanda ta duba a makon da za ta bar aiki. Ta duba, ta sake dubawa, babu ƙwayar cutar ko ɗaya. Tanimu ya kawo mata bandar giwan ruwa. Ta karɓa, don ba waliyyiya ba ce, kuma kifin mai kyau ne.

Mun gode, Inna. Allah ya ba ki hutu mai albarka. Ku da kuka gaji kujerarta, in sunan wani ya daina zuwa teburinku, ku tashi ku tambayi inda ya shiga. Tanimu yana Warra yana sayar da kifi, da muryarsa mai cika kasuwa, ga duk wanda yake son ganin shaida.