Bahijja da Taswirar Tsando

Bahijja Abdulmumini a wata ruga ta tashi, bakin dajin Falgore. Ita ce ta huɗu a ɗakinsu, kuma ita kaɗai ta yi nisa a boko. Ilimin halittu ta karanta a jami'a, ta shekara biyar tana koyarwa a Tudun Wada. Tun tana ƙarama take ganin ɓarnar sammore a garkensu: saniya ta rame, gashinta ya tashi, nono ya ƙafe. Abin da ya mayar da ita karatun digiri na biyu ke nan, a fannin da ya haɗa ilimin halittu da lissafi da kwamfuta.

Zangon farko ta sha wuya. Yawancin 'yan ajinsu lissafi suka karanta, ita kuwa rabonta da shi tun shekararta ta farko a jami'a. Sai ta yini tana rubuta wa kwamfuta umarni, waƙafi ɗaya ya ɓata komai. Har ta yi niyyar bari, amma Dakta Baturiya, malamar da ke duba aikinta, ta ce mata duk ajin babu wanda ya taɓa ganin tsando da idonsa sai ita.

Aikin nata shi ne hasashen inda tsando, ƙudan da ke yaɗa sammore, zai yi yawa. Ta kafa tarkuna a bakin rafuka daga Falgore har Riruwai, ta yi damina guda tana ƙirga ƙudaje, ta haɗa da bayanan ruwan sama da duhun itatuwa. Ranar da taswira ta fito, sai ga kwarin da mahaifinta ke kai shanu kowace damina ya yi ja wur, alamar tsando zai yi yawa a wurin.

Sau uku tana sake lissafin, bai canza ba. Tarkuna biyu kacal ta kafa a wannan kwarin, ta san ba su isa hujja ba. In ta yi magana, shanu su koma tudu, ga ƙarancin ciyawa, ga gonakin mutane. In ta yi shiru, ta san abin da zai iya biyo baya. Dakta Baturiya ta ce aikin yana kan hanya, amma shawarar garke ba ta jami'a ba ce.

Ta je gida, ta durƙusa ta gaida mahaifinta, ta shimfiɗa masa taswirar a kan tabarma. Malam Abdulmumini ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ta ko ta tabbata.

"Ban tabbata ba, Baffa. Cikin goma, bakwai ne."

"Sauran ukun fa?"

"In su ne, na wahalar da ku a banza."

Bayan kwana biyu ya yanke shawara. Ya raba garken, masu tatsa da maruƙa suka hau tudu, sauran suka shiga kwari.

Duk daminar nan, waya in ta yi ƙara sai Bahijja ta yi wuf ta ɗauka, ko labarin garken ne. Na tudu sun rame, har mahaifiyarta ta yi ƙorafin nono ya ragu. A kwari shanu shida suka kamu, biyu suka mutu. Amma labarin da ya fi tayar mata da hankali daga wajen Riruwai ya zo: wani rafi da taswirarta ta ce lafiya lau, can ma sammore ya shiga garkuna.

Ba ta ɓoye ba, ta rubuta kuskuren a kundinta, kuma a kansa masu jarrabawa suka fi tsare ta da tambaya. Ta ci. Bana tarkuna goma sha biyu ta kai rafin, kuma makiyayan wurin ne suka nuna mata inda za ta kafa su.