Tuwon Sallah da Ya Jira Magariba

A shekarun da kuɗin man fetur ya cika Libreville, babban birnin ƙasar, na je wurin kawuna bayan na gama jami'a. Mutumin Jibiya ne, yana da shago a unguwar Oloumi, tsakanin masu walda da kafintoci. Amininsa ɗan Maraɗi ne mai jigilar kaya zuwa garin Ntoum, Baba Direba muke ce masa. Tun zuwansu garin ba su taɓa cin tuwon Sallah a kwano biyu ba.

Tarihi na karanta, kuma kashi-kashi aka koya mana shi: ƙasashen da Ingila ta mallaka darasinsu daban, na Faransa daban. Jibiya na cikin wannan, Maraɗi na cikin wancan. Ban ce malamanmu sun yi kuskure ba. Wataƙila ta haka ne kawai za a iya gama manhaja.

A Libreville ba kasafai ake ganin jinjirin wata ba saboda gajimare, don haka a ƙarshen azumi kowa rediyon ƙasarsa yake kamawa. Ran nan da safe Kawu ya fito cikin babbar riga, an ga wata a Najeriya. Baba Direba na zaune a benci da rigar aiki. A Nijar ba a gani ba, yana azumi.

"Bafaranshe, tashi ka sha ruwa," in ji Kawu. "Azumi ranar Sallah haramun ne."

"Ku 'yan Ingilishi, ko fitilar mota kuka hango sai ku ce wata ne. Ni ba ni karya Ramadan."

Dariya suke yi, amma ba wanda ya motsa, ga ƙamshin miya na fitowa daga ciki. Madam mai gidan da muke haya, 'yar ƙasar ce, kuma a wurinta duk Musulmi Bahaushe ne, har telan Senegal da ke maƙwabtaka da mu. Ta leƙo ta tambaya da Faransanci, Baba Direba ya fassara mini: "Wai mu Hausawa Sallarmu nawa ce? Tela ya ce mata tasa sai jibi."

Kawu ya juyo gare ni. "To, mai digiri, raba mu."

Na ce ni ba malamin addini ba ne. Na ce a iya sanina, tsakanin garuruwansu bai kai tafiyar yini ba, sama ɗaya ce a kansu, sai dai mai yiwuwa kowace hukuma na da hujjarta. Na ƙara da cewa ban da tabbas.

"Wanga yaro ya yi karatu," in ji Baba Direba. "Ya yi magana mai yawa bai ce komi ba."

Kawu ya ɗauki dabino ya ci, ya kurɓi ruwa don kada ya zama mai azumi, muka tafi Idi. Da muka dawo aka kawo tuwo, ya ce a zuba mini nawa, nasa kuwa a mayar a rufe.

"Alhaji, ci abinka mana," in ji Baba Direba.

"Wa ya ce kai nake jira? Yunwa ce ba na ji."

Haka ya wuni cikin babbar riga, cikinsa na ƙugi har ina ji. Da aka kira magariba Baba Direba ya sha ruwa, aka ɗumamo tuwon, suka sa hannu tare, suna gardamar wanda zai ɗauki ƙashin.