Kunnen Casiano da Farar Mota

A kasuwar motocin garinmu El Alto, wadda ke ci Alhamis da Lahadi, babu dillalin da ke murnar ganin Casiano Limachi. Da sun hango shi tafe, gajeren mutum mai hular ulu da doguwar sukudireba soke a aljihun baya, sai ka ji an fara tarin ƙarya ana kallon sama.

“Maestro, yau ma ka zo hana mu cin abinci?”

“In motarka lafiyarta lau, tsoron me kake ji?”

“Kunnen nan naka dai, Allah ya nuna mana ranar da zai toshe!”

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana kanikanci a wani ɗan gareji a unguwarmu, kuma duk mai son sayen motar hannu, daga malamin makaranta har mai gasa burodi, sai ya biya ta wurinsa tukuna. Ba ya karɓar lada. Kwanon farfesu ya ishe shi in an gama ciniki, sai kuma a kira shi Maestro, wato gwanin sana'a, a gaban jama'a, wanda a ganina ya fi farfesun yi masa daɗi.

Aikinsa ba hayaniya. Zai fara ɗora tafin hannu a kan bonet. In ya ji ɗumi, ya san an tayar da ita tun da safe don a ɓoye wani ciwo, sai ya wuce ko waiwaye babu. In da sanyi, ya sa a tayar, ya dafa tsinin sukudireba a jikin inji, ya manna kunnensa a ƙotar, ya rufe ido. Yawancin motocin da ke zuwa mana tsofaffin Japan ne da aka ciro wa sitiyari daga dama aka dasa a hagu, agogon gudu kuwa aka bar shi can gaban fasinja, don haka yakan leƙa ƙasa ya duba waldar. Daga nan magana ɗaya ce: “Saya,” ko “Mu tafi.” Ba a taɓa jin ya yi kuskure ba.

Abin dariyar shi ne, mutumin da ya zaɓa wa rabin unguwa mota bai taɓa mallakar ko keke mai inji ba. Yara huɗu, makaranta, rufin ɗaki, ciwon matarsa Zenobia. Kullum akwai abin da ya riga mota zuwa layi. In an tsokane shi sai ya ce ai motocin garin nan duk nasa ne, aron su ya bayar. Ana dariya, shi ma yana yi, amma dariyar ba ta wuce haƙoransa.

A shekarar da ya cika hamsin da takwas ne Basilia ta zo masa. Matar ƙaninsa ce, marigayi Eulogio, wanda ya yi rayuwarsa yana tuƙa bas ɗin wani, ya kuma koya mata tuƙi kafin ciwon huhu ya ɗauke shi. Cuku take sarowa daga ƙauyukan bakin tafki tana sayarwa a kasuwa, kuma ta gaji da roƙon direbobi su ɗaukar mata kwanduna, ta gaji da cukun da ke tsami a hanya. Ta sayar da gonar dankalin da ta gada, ta ƙulle abin da ta samu a cikin zanen goyonta.

“Yaya, ba ni da wani ido sai naka,” ta ce. “Abin da ka ce in saya, shi zan saya.”

Ranar Lahadi suka shiga kasuwa. Sun duba biyar, duk ya ce mu tafi. Can ƙarshen layi, kusa da masu sayar da tsofaffin tayoyi, suka tarar da wata farar mota doguwa mai faɗin baya. Fentin ya koɗe, ƙofa ɗaya ta lotsa, shi ya sa ba mai tsayawa a kanta, kuɗinta ma kamar an yar. Mai ita ba dillali ba ne, wani tsoho ne da idonsa ya fara mutuwa, likita ya hana shi tuƙi.

Casiano ya taɓa bonet, sanyi ƙalau. Tsohon ya tayar. Casiano ya manna kunne, ya rufe ido.

Tun da yake bai taɓa jin inji irin wannan ba. Ba ƙara, ba kakari, numfashi kawai take kamar jaririn da ya ƙoshi ya yi barci. Ya daɗe a sunkuye fiye da yadda aikin ke buƙata. Yawunsa ya tsinke. Kuma a wannan makon ne, kamar da gangan, kwasar adashen kanikawa ta faɗo kansa, abin da ko Zenobia bai kai ga gaya wa ba.

“Yaya, ya ka ji?” Basilia ta tambaya. Har ta buɗe bayan motar tana auna wurin kwanduna da hannu.

Ya miƙe, ya goge sukudirebar a wando.

“Wannan ba za ta kai ki bakin tafki sau goma ba. Mu tafi.”

Tsohon ya juyo da idanunsa masu hazo. “Maestro, ka saurara da kyau kuwa?”

Casiano ya juya ya kama hanya. Basilia ta rufe bayan motar a hankali, ta ba tsohon haƙuri, ta bi shi.

Wadda ta saya shuɗiya ce mai sheƙi, a hannun wani dillali mai zaƙin baki. Casiano ya ji abin da ke cikinta sarai: an ɗura mata baƙin mai mai kauri don a rufe bakin injin da ya gama cinye kansa. Ba ita ce mafi muni a kasuwar ba, haka ya gaya wa zuciyarsa, kuma duk abin da ya lalace ai yana nan zai gyara. Ya ce, “Ba laifi. Saya.” Da aka kawo farfesu ya ce cikinsa ne ba daɗi.

Ranar Alhamis ya koma shi kaɗai, yana tafe yana roƙon Allah ya sa an riga shi. Ba a riga shi ba. Tsohon ya gane muryarsa tun kafin ya gama gaisuwa.

“A'a, Maestro ne? Ashe kwana huɗu sun ishe ta warkewa.”

Casiano ya ƙirga masa kuɗin adashen, ya karɓi makulli kunnuwansa na zafi don kunya. Bai nufi gida ba. Ya kai ta can ƙarshen gari, filin wani mai buga bulo, ya lulluɓe ta da tamfol.

A nan ne ya gane ya ɗaure kansa da hannunsa. Mu nan ba a hawa mota sai an yi mata wanka. Ko tsohuwa ce tukuf, ranar da ta zama taka sai ka tara dangi, a yi mata ado da furanni, a nemi wanda zai zama uban mota, fadan coci ya yayyafa mata ruwan tsarki, a zuba wa ƙasa rabonta na giya, a fasa nakiyar wasa har maƙwabtan maƙwabta su ji. Motar da ba a yi wa haka ba, Zenobia ko gawarta aka sa a ciki sai ta fito. To ta yaya mutum zai fasa nakiya a ɓoye? Wa zai gayyata da ba zai gaya wa Basilia ba? Sai ya zama duk yammacin Asabar yana hawa bas biyu zuwa filin bulo, ya ɗaga tamfol, ya tayar da ita, ya zauna yana saurare, ya kashe, ya rufe, ya koma gida a bas. Daɗin ma bai daɗe ba. Kafin wata ya ƙare, da injin ya fara numfashin nan sai ya yi saurin kashe shi.

Basilia kuwa wa za ta zaɓa uban mota in ba shi ba? Suka ɗunguma Copacabana, garin da ake kai motoci wanka, da dangi cike da shuɗiyar, aka tsallaka da ita mashigin tafki na Tiquina a kan kwale-kwalen katako, tana ta tari a kowane hawa. A ƙofar coci aka ɗora wa motar hula da furanni kamar amarya. Fada ya zagaya ta da bokitinsa. Aka miƙa wa Casiano kwalbar giya, ya girgiza, ya bi tayoyi huɗu yana fesawa yana faɗin abin da uban mota ke faɗa: ta je lafiya, ta dawo lafiya, ta ciyar da mai ita. Basilia ta rungume shi tana kuka.

“Da Eulogio na nan da ya gode maka da bakinsa, Yaya.”

Ya so ƙasa ta tsage ya shige.

Baƙin man nan mai kauri bai yi sati uku ba ya sake. Shuɗiyar ta fara hayaƙi, ta fara shan baƙin mai kamar ruwa. Sau biyu ta mutu a hawan da ke bayan garin Batallas da rana tsaka, cuku ya kwana a hanya ya yi tsami, aka ba aladu. Duk lokacin da aka jawo ta gareji Casiano yakan ajiye aikin kowa ya shige ƙarƙashinta, ya sayi kayan gyara daga aljihunsa ya ce tsofaffi ne da ya tsinta. Ita kuma sai ta aiko masa da curin cuku mafi kyau a kwando. Zenobia ta yi ta mamakin yadda mutumin da ke cin cuku har da shayi ya wayi gari ba ya son ƙanshinsa.

Abin da ya fi ci masa rai, ko sau ɗaya Basilia ba ta zargi kunnensa ba. Da farko ta ce ita ce ta yi rowar furanni. Sannan ta ce ƙila ƙasa ce ba ta ƙoshi ba, ta sake sayen giya ta zuba a tsakar gidanta. Da abin ya ƙi, ta je wurin mai duba da ganyen koka. Ranar Talata da hantsi ta shigo gareji fuskarta a murtuke, ta tsaya a kan ƙafafunsa da suka leƙo daga ƙarƙashin wata mota.

“Yaya, an gano. Mai duba ya watsa ganye sau uku, duk magana ɗaya. Ya ce wani na kusa da ni ne, wanda muke cin abinci tare, ya sa wa abin hawana rai.”

Spana ta tsaya a hannun Casiano.

“Na san ko wace ce,” ta ce. “Primitiva ce. Tun ranar da na kawo motar take cewa ‘Su Basilia an zama manya.’ Jiya na faɗa mata a gaban kowa. Na ce ta ɗauke rumfarta daga jikin tawa.”

Primitiva mai sayar da ƙwai ce. Shekara goma sha tara rumfarsu na jingine da juna, ita ce ta wanke gawar Eulogio, ita ce ta riƙe wa Basilia rumfa wata guda lokacin zaman makoki.

“Me ta ce?” Muryarsa ta fito daga ƙarƙashin motar kamar ta wani.

“Me za ta ce? Kuka ta yi. Mai laifi ai ba ya rasa hawaye.”

Bai fito ba sai da ya ji tafiyarta ta yi nisa. Ya wanke hannu, bai ko cire rigar aiki ba, ya hau bas biyu. Ya yaye tamfol ya yar a ƙasa. Karo na farko ya fito da farar motar kan titi, ba wanka, ba fure, ya ratsa gari da ita da rana kata, mutanen unguwa na nuna shi da baki.

Ya tsaya a ƙofar gidan Basilia. Tana tsakar gida tana wanke kwanduna. Ta fito tana goge hannu a zaninta, ta dubi motar, ta dubi ƙofar da ta lotsa. Ta zagaya baya ta tsaya daidai inda ta taɓa auna wurin kaya.

“Ba Primitiva ba ce,” ya ce. “Ni ne.”

Ya faɗa mata duka, a tsaye a bakin titi, hularsa a hannu: abin da ya ji a wannan injin, abin da ya ji a wancan, da Alhamis ɗin da ya koma. Bai nemi wa kansa uzuri ba, don ya laluba bai samu ba. Da ya gama ya miƙa mata makulli.

“Taki ce. Ki ba ni shuɗiyar.”

Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta daɗe tana kallonsa, irin kallon da ake yi wa baƙon da ake ƙoƙarin tuna inda aka san shi.

“Ranar da kake zuba giya a tayoyina,” ta ce, “ka san da wannan?”

“Na sani.”

Ta gyaɗa kai. Idonta ya kawo ruwa amma bai zubo ba.

“Yaya, da ka ce min kana so, wallahi da na bar maka. Shekara nawa ina ganinka a layin bas.”

Hannunsa na nan a miƙe da makullin. Ba ta karɓa ba, ba ta kuma ture ba. Ta koma ciki ta ɗauko hularta da mayafi, ta ja ƙofa ta kulle.

“Bari in kai ki,” ya ce. “Ina za ki?”

“Matsa min hanya. Zan je in durƙusa wa matar da na ci wa mutunci a kasuwa saboda kai.”

Ta wuce ta gefen farar motar ba ta ko taɓa ta ba, ta gangara bakin titi, ta ɗaga wa bas hannu.