Garayar Nagoggo

A ƙauyen su Maharazu, arewa da Daura kan hanyar Mai'aduwa, in ka tambayi gidansa kowa zai nuna maka, amma in ka tambayi shi kansa sai a yi maka dariya. Ba ya nan. Ya tafi Zango duba wani icce, ko ya bi wani mahauci Sandamu saboda fatar akuya, ko kuwa yanzun nan ya fita, ga ma hularsa ya manta bisa turmi. Matarsa Kulu takan ce mijinta ƙafar kare ya ci. Ko tuwo a tsugune yake cinsa, ƙafa ɗaya ta riga ta fuskanci ƙofa.

Abin dariyar shi ne, sana'ar da ya gada jira ce tsantsa. Ubansa Kalilu masassaƙin garaya ne, shi ma ita ya tashi ya tarar. A jira icce ya bushe, a jira fata ta jiƙu, a ja ta bisa ƙoƙon icce, a sake jira ta bushe a inuwa. Hannun Maharazu kam ba a magana. Da ya ƙwanƙwasa gungume da bayan yatsa ya san abin da ke cikinsa. Ƙirya, in ji shi, ta cika nauyi, muryarta a shaƙe take. Alilliba yake so, mara nauyi, mai amsawa. Haƙuri ne kawai aka raba ba ya wurin.

Akwai kuma wata doka a gidansu da take ci masa rai: masassaƙi ba ya fara kaɗa garayar da ya yi, mai ita ke buɗe mata baki. Kalilu yakan ce fara kaɗa ta kamar ka sa hannu a kwanon baƙo ne kafin ya zauna. Saboda haka duk garayar da Maharazu ya gama, ba ya sanin ko ta yi sai mai ita ya zo, ya kaɗa, ya yanke hukunci. Kafin zuwansa sai ka ga Maharazu yana zagaya ta kamar kaza mai neman wurin ƙwai.

Masu sayen ma sun yi ƙaranci. Biki ya koma na lasifika da fiyano. Sai mafarauta, da 'yan birni masu neman abin ratayewa a bango, waɗanda ba ruwansu da murya in dai zane ya yi kyau. Cikin makaɗa na gaske, saura Nagoggo, abokin marigayi Kalilu, wanda ya tsufa yana yi wa mafarauta kiɗa. Kunnensa shi ne ma'aunin Maharazu tun yana saurayi. In Nagoggo ya ce garaya ta yi, to ta yi.

Farkon wata damina Nagoggo ya zo da tsohuwar garayarsa, sassaƙar Kalilu, ta tsage daga baki har gindi.

"Ɗan Kalilu, wata nake so. Amma ka ji, kunnen hagu ya tafi. Na dama ma sallama yake yi. Ina so in ji muryarta kafin ya rufe."

"Baba, ai an gama," in ji Maharazu, ya riga ya miƙe yana laluben makullin babur.

Nan fa aka shiga yawo. Alilliba ta yi wuya a ƙasar Daura, gatari ya cinye ta. Ya je Baure, ya je Mashi, ya tsallaka iyaka wajen 'yan icce, ruwa na dukansa, babur na kafewa a taɓo. Da ƙyar ya samu reshe guda mai kauri, ɗanye shar. Ya san sarai irin wannan sai ya sha iska har bazara. Amma duk sanda ya leƙa Nagoggo, sai ya ga dole ya ƙara ɗaga murya kafin tsohon ya ji gaisuwa, sai hankalinsa ya tashi.

Ya fafe iccen da gizago, ya kai shi gefen murhun da Kulu ke tuyar ƙosai ya jingine.

"Malam, icce ne ko kilishi?" in ji Kulu.

"Ɗumi kawai zai sha."

"Baba Kalilu a rumbu yake ajiyewa."

"Baba Kalilu ba a ba shi wa'adi ba."

Kullum yana juya shi, yana matsar da shi kusa da wuta kaɗan-kaɗan. Wata safiya Kulu na tsame ƙosai suka ji ƙas. Ƙoƙon ya dare gida biyu. Maharazu ya ɗauki ɓangarorin yana haɗa su, kamar za su ji kunya su koma. Kulu ta ci gaba da tsame ƙosanta. Sauri ya haifi nawa, damina ta wuce a banza.

Ya koma hanya. Kaka ta shigo, aka yanke gero, aka roro wake, shi yana can daga wannan kasuwa zuwa waccan yana ƙwanƙwasa itacen mutane. Ya rame. Gidan Nagoggo ma ya daina bi ta ƙofarsa saboda kunya.

Ran nan ya tura babur zai fita, ƙafarsa ta bugi komin da tumakinsu ke cin dusa a ciki. Ya yi tsaki zai wuce, Kulu ta ce, "Malam, sake bugunsa."

Ya tsaya. Ya durƙusa ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa. Komin ya amsa, amsawa mai zurfi, mai tsabta. Alilliba ce. Kalilu ne ya sassaƙa shi tun kafin a kawo Kulu gidan, ya bushe iyakar bushewa. Kullum Maharazu sai ya tsallake shi in zai fita neman icce.

"Tun yaushe kika sani?"

"Yanzu na ji, da ka yi tuntuɓe. Ni sana'ata ce? Kai da ka zauna ko yini guda a gidan nan, da ka gani."

Ya zubar da dusar, tumaki na kallonsa. Ya yanki rabin komin mai lafiya, ya fafe shi har bangon ya yi siriri. Ya jiƙa fatar ɗan akuya, don fatar gada yanzu sai labari, ya ja ta tam, ya soka sanda. Da ya fara kallon rufin kwano inda rana ke dukansa, Kulu ta ɗauke garayar ta kai ɗakinta ta rufe, ta ce sai fata ta bushe don kanta. Bayan nan ya ƙona zane a gefe da ƙarfe mai zafi, irin na ubansa, sawun gada a jere. Ya ɗaura farin wuri na ado da gezar jar fata, ya kafa ceba a kan sanda don ta riƙa kacau-kacau, ya ja tsirkiya biyu. Yatsunsa na ƙaiƙayi, amma bai taɓa ba.

Da la'asar ya iske Nagoggo a ƙofar gida, wasu tsofaffin mafarauta zaune tare da shi. Ya yi sallama, tsohon bai waiwayo ba sai da ya ga inuwa. Nagoggo ya karɓi garayar, ya shafa zanen da babban yatsa, ya yi murmushi. Ya ɗauki guntun ƙirgin da yake kaɗawa da shi ya buga.

Muryar ta fito, mai kauri, mai daɗi, har wani tsoho ya gyara zama. Nagoggo ya sake bugawa da ƙarfi. Ya karkata kunnen dama. Ya kwantar da kumatunsa a jikin iccen ya buga. Sannan ya ɗago.

"Ina jin motsinta a ƙashina," ya ce, da ƙarfi irin na wanda ba ya jin kansa. "Amma muryar ba ta iso ba. Ɗan Kalilu, da ni ke faɗa maka. Yau kai za ka faɗa mani. Ta yi?"

Maharazu ya dubi garayar. Ya tuna murhun Kulu, ya tuna watannin da ya zubar a hanya. Ya gyaɗa kai da ƙarfi yadda tsohon zai gani.

Nagoggo ya soma taken mafarauta. Hannu bai manta ba, sai dai siririyar tsirkiyar ta saki kaɗan, kiɗan ya karkace, shi kuwa bai sani ba. Tsofaffin suka sunkuyar da kai. Maharazu ya matso, ya zauna dirshan a gefensa, ya kama zoben fatar da ke riƙe tsirkiyar a jikin sanda, ya ja shi a hankali har murya ta daidaita. Da ta sake saki, ya sake ja.

Wani ya leƙo ya ce babur ɗinsa ya tare hanyar amalanke.

"Ku ture shi gefe," in ji Maharazu. "Ina nan."