Gangar Gagarau da Giyar Hajiya Rabi

Kakarmu, Iya Kande, wagashi, wato cukun nono, take soyawa a ƙofar gidanmu a Zongon Lome, kuma a bakin wannan murhun muke samun tatsuniya bayan magariba. Ba zaman natsuwa ba ne. Masu saye na katse ta, 'yan zemijan masu haya da babur na danna ham, hayaƙi na cika mana ido. Ga kuma yayana Bala, ƙato tun yana yaro, wanda ba ya barin magana ta faɗi ƙasa.

"To, ga ta nan ta iso, ku ba ta wuri," in ji Iya.

"Ta Gagarau ce kuma?" in ji Bala.

"Ita ce. In ka gaji, ga hanya."

Wai a wani gari gangarsu ta fashe ana dab da bikin kaka, ga shi fata ɗaya ta rage. Tsohon da ke ɗaure ganga yana kwance ba lafiya, sai aka kira Gagarau, mai kada bijimi da hannu. Tsohon ya ce masa ya ja igiya kaɗan a nan, ya tsallaka ɗaya gefen ya ja kaɗan, ya yi ta zagayawa har fatar ta zauna. Gagarau ya ce wannan aikin ragwaye ne. Ya kama igiya ɗaya ya ja har ta yi kuka, ya kama ta kusa da ita. Bai kai rabi ba fatar ta karkace ta tsage. Da tafi aka yi bikin.

Nan Bala zai miƙe. "Fatar ce ruɓaɓɓiya! Me ya sa ba a ba shi mai kauri ba?"

Iya ta nuna shi da matsami. "Kai Bala, kunnuwan nan naka na ado ne? Ka sa wagashina ya ƙone!"

Haka muke watsewa, kowa da haushinsa.

Yau ni da Yaya Bala garaji ɗaya muke. Shi inji da ƙafafun mota, ni giya otomatik. Kwanan baya Hajiya Rabi, mai sayar da atamfa a kasuwar Adawlato, ta kawo motarta, ga kayanta na jira a bakin iyakar Gana. Na kwance giyar, na wanke, na sauya abin da ya ci. Saura in mayar da farantin da ke raba wa giyar mai. Na alminiyam ne, ba ya son dole. Notinsa ƙanana ne: da yatsa ake fara sa su duka, sannan a bi su daga tsakiya zuwa gefe da sifana mai awo, wadda ke yin ƙas in ta kai iyaka.

Na fita sayo mai. Na dawo na tarar da Yaya yana goge hannu yana murmushi.

"Na rage maka aiki, Sa'adu. Na rufe komai."

"Da wace sifana?"

Ya nuna wata doguwa. Har da bututu ya zura mata.

Na sake buɗe giyar. Farantin ya lanƙwashe, noti biyu sun cinye zarensu suna ta juyawa a banza.

"Yaya, wa ya aike ka?"

"Don kada mai ya zuba na ƙara musu. Laifi ne?"

Ni na kira Hajiya, ni na sha faɗan. "Sa'adu, da hannu zan ɗauko atamfar?" Hayar mota ta yi, kuma ba ta sake taka garajinmu ba. Sai da na gama yawon Lome kafin in sami wani farantin.

Na daɗe ina ɗauka na fi Yaya hankali, shi ya sa tatsuniyar ta shige ni. Yanzu ba na jin haka. Ni siriri ne, ko guga cike da ruwa sai da nishi nake ɗagawa. Labarin da ya kunyata mai ƙarfi dole ya yi mini daɗi. Wanda Iya take yi dominsa kuwa, bana ya fara furfura, kuma har yau in zan fita daga garaji sai na kulle dogayen sifanu na tafi da makullin.