Na Ci Takwas, Aka Ce Na Faɗi

Edita, lokacin da wannan abu ya same ni, ni yarinya ce 'yar zangon Salaga, mai ƙoƙari a aji amma marar baki a gida. Na yi sakandaren kwana a Yendi, kuma yayan mahaifina, wanda muke kira Baba Alhaji, shi ya ɗauki nauyin karatuna. Ɗan kasuwar hatsi ne a Bawku, bai yi boko ba, rabin rayuwarsa a kasuwannin kan iyaka yake. A danginmu in ya yi magana ta zauna, mahaifina da furfurarsa ba ya ɗaga ido ya dube shi. Da na gama jarrabawar ƙarshe aka tura ni gidansa in jira sakamako, ina taya matarsa sayar da shinkafa da wake. Burina ɗaya ne a duniya, in samu gurbi a jami'ar gwamnati in karanta haɗa magunguna.

Ga wanda bai san lissafin jarrabawarmu ba, a nan ƙaramar lamba ita ce nasara. Duk darasin da ka ci da maki mafi kyau ana ba ka ɗaya, sai a haɗa darussa shida, abin da muke kira agiriget. Ni na samu takwas, wanda a shekarar ya isa a duba ni a fannin da nake so. Ɗan Baba Alhaji, sa'ana, wanda muka rubuta shekara ɗaya, ya samu ashirin da shida. Ranar da sakamako ya fito Baba Alhaji yana ƙofar shagonsa cikin abokan ciniki, ya aika aka kira mu, ya tambayi kowa nawa ya ci. Muka faɗa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ƙirga buhu, a wurinsa mai yawa shi ne mai yawa. Kafin in sake buɗe baki ya riga ya miƙe ya rungume ɗansa, ya sa an yi fatiha, ya ce gobe za a yanka rago. Sannan ya juyo gare ni da tausayi ya ce kada in yi kuka, Allah bai rubuta ba, in zauna in koyi kasuwa a hannun matarsa, fom na jami'a kuwa ɗansa za a saya wa. Na dubi ɗan'uwana, ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Da muka koma gida ya tare ni a bayan madafa, ya ce in rufa masa asiri don Allah, shi da kansa zai faɗa wa babansa in ƙura ta lafa. Na yarda. Aka yanka rago, na ci naman da aka yanka don faɗuwar wani, ina murmushin dole. Na kira mahaifina a Salaga ina kuka. Ya ce shi ba zai iya buga waya ya ce wa yayansa ya yi kuskure a gaban jama'a ba, in yi haƙuri tukuna, gaskiya za ta fito da kanta. Mahaifiyata ta ce za ta sayar da zannuwanta a saya mini fom ɗin a ɓoye, amma mahaifina ya hana, ya ce ba fom ne matsala ba, izini ne; 'yar da ke hannun Alhaji ba ta neman jami'a a bayan idonsa. Na kira malamata ta kimiyya a Yendi, ta yi mini faɗa kamar za ta fito daga cikin wayar, ta ce ranar rufe neman gurbi ta matso, kuma jami'a ba ta san kunya ba.

Kullum in na fita da kwanon abinci sai na bi ta gaban shagon intanet, in ga sa'o'ina a layi suna cike fom ɗinsu. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne gari ya sani. Wata maƙwabciyarmu mai sayar da koko, wadda 'yarta ta yi sakandare, ta riƙe mini hannu wata safiya ta ce da irin Hausar Bawku, "Kai yarinya, kai ne ya ci, shi ne ya faɗi. Duka kasuwa ya sani. Je ka gaya ma Alhaji." Amma ita ma ba ta je ba. Mutane na zuwa su yi masa barka, su juya su ƙunshe dariya, shi kuwa yana ta rabon goro. Ɗan'uwana ya soma gudun haɗuwa da ni, in na shigo ta ƙofa ya fice ta baya.

Ranar ƙarshe ta neman gurbi na daure na sami Baba Alhaji shi kaɗai a zaure bayan azahar. A lokacin akwai dokar hana fita a gari, shaguna na rufewa da wuri, na san in ban yi magana yanzu ba shi ke nan. Na durƙusa na ce Baba ina da magana. Ya dube ni da fara'a ya ce ya lura na daina kuka, haka yake so, 'ya mai tawakkali ba ta taɓewa, ya shiga sa mini albarka. Edita, wallahi maganar tana kan harshena. Amin kawai na iya cewa, na tashi na fita. Da la'asar ina ƙofar gida na hango mai shagon intanet yana jawo ƙofarsa ta ƙarfe.

Bayan wasu watanni sunayen waɗanda jami'o'i suka ɗauka suka fito, babu ɗan'uwana a ko'ina. Baba Alhaji ya ce zalunci ne, ya fara shirin tafiya Bolga, babban birnin yankin, neman wanda zai bi masa kadi, a nan ne ɗansa ya fashe da kuka ya faɗi gaskiya. Aka kira ni. Na shiga ina jiran tsawa, amma murya ƙasa-ƙasa ya tambaye ni ko tun ranar farko na sani. Na ce e. Ya ce shi jahilin boko ne, wannan ba abin kunya ba ne, amma bai taɓa sanin cewa a gidansa dodo ne shi ba, har 'yarsa za ta gwammace ta rasa karatunta da ta gyara masa lissafi. Ya daɗe bai sake zama ƙofar shago ba. Kunyar da muka ce muna kare shi daga gare ta, shirunmu ne ya ninka masa ita.

Da shekara ta zagayo shi da kansa ya raka ni aka cike fom. Sai dai masu nema sun ƙaru, takwas ɗina ba ta kai ba, aka ba ni fannin koyarwa. Yau ina koyar da kimiyya, na gode Allah, amma har yanzu in na shiga kantin magani na ga mace da farar riga a bayan kanta, sai in tsaya ina kallonta. Ban ga laifin kowa kamar nawa ba.

Ina kira ga ɗalibai, musamman 'ya'yan zango irina da aka tarbiyyantar da kunya: in babba ya fahimci sakamakonku a baibai, ku same shi a keɓe, da ladabi, tun ranar. Iyaye kuma ku tambaya kafin ku yanke hukunci. Baba Alhaji ya koyi wannan da tsada. Ranar da na kawo masa sakamakona na farko daga jami'a, bai yi murna ba, bai yi jaje ba, sai da ya ce, "Tsaya tukuna, 'yata. A wannan, kaɗan ake so ko da yawa?"