Ranar da Na Sunkuyar da Kai a Gaban Fada

Lokacin da wannan abu ya faru ina da shekara talatin ba ɗaya, na gama digiri a fannin noma, na yi bautar ƙasa, na dawo gida Haɗeja ina aikin malamin gona. Mu Kirista ne. Aikin jirgin ƙasa ne ya kawo kakana garin Malam Madori, a can aka haifi mahaifina, ni kuwa ban san wani gida ba sai nan. Hausa muke yi a ɗaka, tarbiyyarmu kuma irin ta maƙwabtanmu ce: ba ka haɗa ido da babba, ba ka faɗin abin da ranka ke so a gabansa. Ga shi kuma ni mutum ne mai tsoron kuskure. In manoman fadama suka tambaye ni ko kogi zai hau gonakinsu bana, sai in jero musu dalilai ta nan da ta can, har suka laƙaba mini Malam Wataƙila. Dariya nake yi in sun kira ni haka, don a zatona wannan shi ne taka-tsantsan irin na mai ilimi.

Wadda na so in aura ma'aikaciyar jinya ce a Guri, iyayenta 'yan cocinmu ne. Kawuna ne ya fara nuna mini ita wata Lahadi bayan sujada, ya ce in ba zan buɗe idona ba shi zai buɗe mini. Shekara biyu muna tare. Duk Asabar ina kan babur zuwa wurinta, da damina in ruwa ya yanke hanya har kwale-kwale na sha hawa. Ina sonta. Wannan kam yau zan iya rubuta shi ba tare da na raɓa masa wataƙila ba.

Manya suka gana, aka kai gaisuwa, aka sa rana Asabar ta ƙarshe kafin azuminmu na kwana arba'in, don ba mu yin biki cikin azumi. A ƙa'idar coci, sai an karanta sanarwar aure Lahadi uku a jere, kafin nan kuma Fada, wato limamin cocinmu, zai gana da ango da amarya, kowa shi kaɗai. Na shirya wa ganawar kamar jarrabawa. Katin baftisma, takardar gwajin jini, shaidar kammala ajin koyarwar aure, kowanne na yi masa kwafi uku na jera a fayil. Abu ɗaya ne ban shirya masa ba.

Fadan namu baƙo ne, daga nesa aka turo shi, Hausarsa ma ta koyo ce. Ya duba takardun ya yaba, sannan ya rufe fayil ɗin, ya dube ni ido cikin ido ya tambaya ko da son raina nake neman auren wannan yarinya. Sai na ji kamar mahaifina ne ya tsare ni da wannan tambaya. Na sunkuyar da kai, na ce yadda manya suka tsara haka za a yi. Ya sake tambaya, na ce kawuna ne ya ga dacewar abin, ni kuma ba na tsallake maganarsa. A karo na uku ya ce eh ko a'a kawai yake so. Na ce to, zan so in ɗan yi tunani, kada in faɗi abin da bai cika ba a ofishin coci. Ya ajiye biro. Cikin taushin murya ya ce shi ba kawuna zai ɗaura wa aure ba, kuma ba za a karanta sanarwa ba sai na dawo na faɗa da bakina. Ƙofarsa a buɗe take kowane lokaci.

Da na fito na gaya wa katikis ɗinmu, mai koyar da addini a coci, dattijon da ya san ni tun ina yawo ba wando. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ai kunya ce, shi da kansa ranar tasa ganawar ƙasa ya yi ta tonawa da yatsan ƙafa. Ya ce in juya yanzu-yanzu ya raka ni, kalma ɗaya ce a wuce wurin. Na ce ya bari sai gobe. A nan, ina jin, kuskurena na gaskiya ya fara. Tambayar Fada ta shige mini kai ta ƙi fita. Da kawu bai nuna mini ita ba, da na lura da ita? In ba haka ba, son nan nawa ne ko na aro? Na ɗauko ɗan littafin da aka ba mu a aji na yi ta bin layin da ke maganar yardar rai, ina karantawa ina ƙara rikicewa. Goben ta zama jibi, jibi ta zama mako.

Cocinmu ƙarami ne, kowa ya san kowa, 'yan zumuntar mata har sun ɗinka anko. Lahadin farko katikis ya karanta sanarwar sharar harabar coci da ta taron matasa, ya naɗe takarda ya zauna. Na ji kawuna ya yi gyaran murya a bayana. Da aka tashi na ce wa kowa matsalar takardu ce. Kawu ya ce wace takarda kuma, ni da nake yawo da fayil kamar lauya? Lahadi ta biyu ma shiru. Zuwa lokacin magana ta riga ta fita, kuma ta sauya kama a hanya: wai na gaya wa Fada tilasta mini aka yi. Kakata ta ce in na fasa da yarinyar to ga ta nan, amma ko ita da tsufanta ba za ta zauna jiran Malam Wataƙila ba. Kowa ya yi dariya ban da mahaifiyata.

Ranar Laraba da hantsi ina bakin kogi tare da masu noman rani muna duba injin ban ruwa, sai ga wadda zan aura a kan acaɓa, ko kayan aiki ba ta cire ba. Muka koma gefe. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ita ma Fada ya yi mata wannan tambaya, ita ma kunya ta kama ta, amma ta ce eh. Yanzu ba Fada ke tambaya ba, ba kawu ba, ita ce: ina son aurenta? Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, akwai abin da ya kamata ta fara fahimta. Na shiga bayanin kunya, da na littafin, da bambancin so da yardar rai. Ta bar ni na kai aya. Sannan ta ce kalma ɗaya ta taso tun daga Guri ta karɓa, na ba ta lacca kamar manomin da ya zo tambayar taki. Ta kira mai acaɓan da ke jiranta suka tafi.

Washegari na je ofishin Fada, tun kafin in zauna na ce eh, da son raina ne. Ya ce ya ji daɗin jin haka, sai dai yarinyar ta biyo ta nan jiya ta karɓi takardunta, yanzu tata amsar ce babu. Sau uku manyanmu suna zuwa gidansu biko. Mahaifinta ya karɓe su da mutunci, ya ce shi ba zai amsa mata tambayar da coci ya ce kowa ya amsa da bakinsa ba. Azumi ya shiga, bikin Ista ya wuce, matan zumunta suka sa ankon a bikin wasu.

Bayan shekara biyu ina zaune a bencin da na saba, katikis ya karanta sanarwar aurenta da wani malamin makaranta daga Birniwa. Lahadi uku a jere yana karantawa, kowane karo yana cewa wanda ya san dalilin da zai hana wannan aure ya zo ya faɗa. Ba ni da wani dalili. Na sunkuyar da kai kamar yadda na saba.

Har yau ban gama warware abin a raina ba. Ba zan ce Fada ya yi laifi ba, aikinsa ya yi. Ba zan kuma zagi kunyar da aka raine ni da ita ba, ko da yake wani lokacin ina zargin na fake da ita ne kawai. Abin da na iya fahimta shi ne, na yi ta jiran tabbacin da babu ɗigon shakka a cikinsa, alhali ita ma da shakkarta ta amsa. Ga 'yan'uwana masu shirin aure, musamman masu irin halina, ku tattara takardunku, amma ku sani akwai tambaya ɗaya da ba a amsa ta da fayil, ba a kuma tura ta ga manya. In amsarku eh ce, ku ɗaga kai ku faɗe ta a ranar da aka tambaye ku. Ni na faɗi tawa, kwana ɗaya bayan mai jiranta ta tafi.